Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu Kan Shukar Lambu

Babban kuskuren da mutumin Arewa kan yi idan ya samu ɗan fili a bayan gida a Fatakwal ko Anaca ko Inugu shi ne ya riƙa lissafin damina da watannin gida. A Kano sai cikin watan Yuni ruwa kan kankama, amma a nan kudu tun watan Afrilu ƙasa ta jiƙu. Wanda ya jira har Yuni, ruwa mai ƙarfi zai wanke masa iri.

Ruwan Fatakwal ya fi ninki biyu na Kano a shekara. Saboda haka wajibi ne mai lambu ya ɗaga kunya sosai, ya yanka wa ruwa hanya, domin saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi. Ƙasar kuma tana da tsami, tana son toka da ruɓaɓɓen takin shanu, wanda ba ya wuyar samu wurin 'yan'uwa na kara da mayanka.

Alayyafo kan isa yanka cikin mako 4, kuɓewa kuwa wajen wata 2, kuma gara a jiƙa irinta ya kwana kafin shuka. Yakuwa da lalo ma suna yi. Tumatir da albasa dai a haƙura, danshin damina cuta yake jawo musu. Maƙwabta Inyamurai sun ƙware wajen ugu, ba laifi a roƙi iri a koyi kafa masa sanda.

Kafin fartanya ta taɓa ƙasa, a nemi iznin mai fili a gaban shaidu, ko ta hannun Sarkin Hausawa.