Su Ma A Ba Su Kujera A Kwamiti

Jawabin da aka gabatar wa fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata da na matasa a taron bita kan kula da masu ciwon taɓin hankali.

 Ikkilisiyoyinmu da yawa sun kafa ƙungiyoyin taimakon masu taɓin hankali da masu farfaɗiya. Ana tara baiko, ana sayen magani, ana kai mara lafiya asibiti. Mun gode wa Allah domin wannan. Amma ku duba waɗanda suke cikin kwamitin: fasto, dattijo, ma'aikacin lafiya, malamin makaranta. Shi kuwa wanda ake aikin dominsa yana waje a gindin bishiya, yana jira a kira shi a gaya masa abin da aka yanke. Maganata a yau ɗaya ce: waɗanda suka sha wannan ciwo su shigo ciki, su zauna a kwamiti, su riƙe muƙami.

Abin da Ubangiji ya yi

Ku karanta Markus 10:46-52. Bartimawas makaho yana zaune a bakin hanya a Yariko, yana kiran Yesu, jama'a suna tsawata masa ya yi shiru. Yesu ya tsaya, ya sa aka kira shi, ya kuma tambaye shi abin da yake so. Kowa yana ganin mutumin makaho ne, duk da haka Ubangiji ya bar shi ya faɗi bukatarsa da bakinsa. A 1 Korintiyawa sura 12 kuma, Bulus ya kwatanta ikkilisiya da jiki, ya nuna cewa jiki yana bukatar har gaɓar da ake rainawa.

Abin da suka sani

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda yake shan maganin ya san cewa waɗansu ƙwayoyin suna sa barci mai nauyi da safe, ko rawar hannu, ko sandarewar jiki, ya kuma san cewa saboda haka ne mutane da dama suke daina sha a ɓoye. Ya san cewa kuɗin magani yakan gagara a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ya san cewa in aka sa ranar ganin likita ta zama ranar kasuwa, waɗansu ba za su zo ba don kada a nuna su da yatsa. Kwamitin da ba shi da irin wannan mutum zai sa taro da sassafe, sa'an nan ya yi ta mamakin rashin zuwan mutane.

An yi a waɗansu wurare

Wannan ba sabon abu ba ne. A Amurka, waɗansu da aka sallama daga asibitin Rockland a jihar Niyok sun riƙa haɗuwa suna taimakon juna. A shekarar 1948 suka sami gida a birnin Niyok, ana kiransa Fountain House. A can ba a ce da kowa majiyyaci, sai dai mamba. Da gangan ake ɗaukar ma'aikata kaɗan, domin aikin gidan kada ya yiwu sai da mambobi: su ne a girki, su ne a ofis, su ne a karɓar baƙi. Ba a kuma yanke shawarar gidan a taron da aka hana mambobi shiga. An kafa irin wannan gida fiye da 300 a ƙasashe fiye da 30.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turawa. A arewacin Ghana, ƙungiyar BasicNeeds ta fara aiki a Tamale a shekarar 2002. Ta taimaki masu taɓin hankali da masu farfaɗiya, tare da danginsu, suka kafa ƙungiyoyin taimakon kai a ƙauyuka. Su suke zaɓen shugabanninsu, suna tara kuɗi, suna tuna wa juna shan magani, suna komawa noma da kiwo da sana'a. A shekarar 2009 waɗannan ƙungiyoyi suka sami uwar ƙungiya ta ƙasa, wadda ake kira MEHSOG. Muryarsu tana cikin muryoyin da suka nemi sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Ghana ta yi a 2012.

A nan Nijeriya ma, a farkon 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sabuwar tana ɗaukar mai wannan ciwo a matsayin mutum mai haƙƙi. Bai dace gwamnati ta riga ikkilisiya girmama wanda aka halitta cikin kamannin Allah ba.

In ciwon ya tashi fa?

Na san tambayar da take zuciyar dattawa: in muka sa shi ma'aji, ciwon ya tashi, kuɗin fa? Tambaya ce mai kyau, domin ciwon yakan dawo wa waɗansu. Amma ma'aji mai hawan jini ma yakan kwanta asibiti, ba mu kuwa hana shi muƙami. Abin da muke yi shi ne mu yi shiri. Kowane muƙami ya kasance da mataimaki. Kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, ko wanene ma'ajin. Tun yana lafiya, a zauna da shi a rubuta alamun da yakan gani kafin ciwon ya tashi, kamar rashin barci, da wanda za a kira, da wanda zai riƙe masa aiki. In ya warke, a mayar masa da kujerarsa. Riƙe muƙami kuma ba dalilin barin magani ba ne. Addu'a da magani tare suke tafiya.

Abin da za mu yi in mun koma gida

1. A keɓe kujeru biyu ko fiye a kwamiti. Mutum ɗaya a tsakanin manya yakan ji nauyin yin magana.

2. Su da kansu su zaɓi wakilansu, maza da mata. Kada fasto ya nuna wanda ya ga ba zai yi gardama ba.

3. Dangi su sami tasu kujera dabam. Uwa tana iya son a sa ɗanta ya zauna shiru a gida, shi kuwa yana son komawa gona. Dukansu biyu a ji su.

4. A gaya musu abin da za a tattauna tun kafin ranar taro, a yi magana da harshen da suke ji, a biya musu kuɗin mota.

5. A koya musu rubuta rahoton taro da lissafin kuɗi, kamar yadda aka koya mana.

6. Kada a tilasta wa kowa ya tsaya a gaban jama'a cikin majami'a ya bayyana ciwonsa. Wanda yake so ya ba da shaida, ya bayar.

7. In sun kawo shawara, a rubuta. A taro na gaba a faɗa musu abin da aka yi a kai, ko dalilin da ya sa ba a yi ba. In ba haka ba, mun sa su a kwamiti ne don ado kawai.

Tambayoyi domin tattaunawa

Wane suna ake kiran masu wannan ciwo da shi a ƙauyenmu, su kuma wane suna suke so? Akwai wanda ya taɓa riƙe aiki a ikkilisiyarmu, aka karɓe saboda ciwo, har yanzu ba a mayar masa ba? Wa zai je ya gaishe shi a wannan mako?

Ubangiji ya ba mu kunnen jin 'yan'uwanmu da tawali'un matsa musu wuri a kan benci. Amin.