Sauya Sashe Bayan Aji Ɗaya: Daga Tsimi da Tanadi Zuwa Gudanar da Kasuwanci

 

Matsayina a kan batun sauya sashe sananne ne ga duk wanda muka zauna taron tsangaya tare, kuma yau ma shi zan maimaita. Ɗalibin da ya kammala aji ɗaya a Sashen Tsimi da Tanadi da sakamako mai kyau, ya ga cewa Sashen Gudanar da Kasuwanci ya fi dacewa da shi, haƙƙinsa ne a bar shi ya wuce aji biyu a can, bisa ƙa'ida rubutacciya da kowa zai iya karantawa. Bai kamata ya roƙi kowa ba, bai kamata ya yi asarar shekara ba.

Abin da ke faruwa yanzu a yawancin jami'o'inmu kun san shi. Mutum biyu ne ke samun sauyi cikin sauƙi. Na farko wanda ya faɗi, CGPA ɗinsa ya nutse, ana shirin korarsa, sai a nema masa sashen da zai karɓe shi. Na biyu mai uwa a gindin murhu. Shi kuwa yaron da ya yi ƙoƙari, ya ci darussansa duka, idan ya kai fom sai shugaban sashe ya ce ba ya sakin ɗalibansa masu hazaƙa. Mun mayar da sauya sashe sakamakon faɗuwa, mun mayar da ƙoƙari dalilin tsarewa. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya ake yin sa ba.

Mu tuna yadda aka yi zaɓin tun farko. Yaro ɗan shekara 16 ko 17 ne ya je cibiyar rajistar JAMB, wani lokaci yayansa ne ko mai shagon ya cike masa gurbin. A sakandare an koya masa darasin tattalin arziki haɗe da na kasuwanci, ya ɗauka abu ɗaya ne. Sai da ya zauna a aji ya gane cewa sashen da ya shiga yana horar da shi ne ya yi nazarin yadda farashi ke tashi, yadda haraji da kuɗin ruwa ke juya ƙasa, alhali shi burinsa ya san yadda ake tafiyar da kamfani, a riƙe ma'aikata, a tallata haja, a rufe littafin shekara. Wanda ya gane haka cikin wata tara ya cancanci yabo.

Yanzu ga hujjar da nake so ku riƙe, don a kanta maganata ta tsaya. Ku ɗauko takardun sassan biyu ku jera su. A matakin shiga, dukansu suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi. A jarrabawar JAMB, dukansu suna neman Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki, sai darasi na huɗu ne kan ɗan bambanta. Wato ɗalibin da aka ɗauka a Tsimi da Tanadi ya riga ya cika sharaɗin shiga ɗaya sashen tun ranar da ya shigo jami'a. Babu wata ƙofar baya da yake nema.

Sannan ku duba darussan aji ɗaya. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda ta maye gurbin BMAS. A cikinta hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Darussan gama-gari na aji ɗaya, wato amfani da Turanci da nazarin al'ummomin Najeriya da al'adunsu, iri ɗaya ne ga kowane ɗalibi. Dukansu suna yin lissafi, kuma wanda ɗalibin Tsimi ke yi bai gaza na takwaransa nauyi ba. Tushen ilimin tattalin arziki, wanda ɗalibin kasuwanci ke buƙata, shi ɗalibin Tsimi ya yi shi zango biyu cur. Me ya rage masa? Gabatarwa ga kasuwanci, ƙa'idojin gudanarwa, da ɗan abin da ya shafi akanta inda ake koyar da shi a wannan mataki. Darussa ne 'yan kaɗan, waɗanda ɗalibi mai ƙwazo zai ɗauka tare da na aji biyu ba tare da ya wuce iyakar nauyin da aka yarda masa a zango ba. To a kan me za a ce ya koma aji ɗaya, ya sake biyan kuɗin rajista, ya sake zama jarrabawar Turancin da ya riga ya ci? A wannan zamani da ɗalibai ke cin bashin NELFUND don su yi karatu, shekara ɗaya da aka ƙara wa yaro bashi ne aka ƙara masa. Kuma wancan kashi 30 da ke hannunmu ya ishe mu daidaita aji ɗaya na sassan biyu, in mun ga dama. Ba NUC ce ta hana mu ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce akwai adadin da aka ƙayyade wa kowane sashe, da ma'aunin malami ɗaya ga ɗalibai 30, kuma masu tantancewa suna dubawa. Gaskiya ne, amma kowace shekara gurabe suna buɗewa saboda waɗanda suka bari da waɗanda aka sallama. A ƙirga su a sanar. Za a ce kowa zai gudu ya bar Tsimi da Tanadi. Sashen da sai an kulle ƙofa yake riƙe ɗalibai, ya binciki yadda yake koyarwa. Za a kuma ce masu gudun lissafi ne. Sharaɗin maki da zan kawo a shawarwarina zai tace su.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, kada ku ɗauka ina kiran ku ku kwashe kaya ku tafi. Idan lissafi kuke gudu, yana jiran ku a can: akanta, sarrafa kuɗi, ƙididdiga, duk lambobi ne. Idan kuma an ce muku sai da digirin kasuwanci ake zama ɗan kasuwa, ku dubi Kano kawai. Aliko Dangote kasuwanci ya karanta a Jami'ar Azhar ta Alƙahira. Abdussamad Rabi'u, mai kamfanin BUA, tattalin arziki ya karanta a Amurka. Sanusi Lamido Sanusi ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shugabanci First Bank, sannan ya riƙe Babban Bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014. Kowace hanya ta kai mai ita. Ku kuma san abin da za ku bari. Wanda ya fita bayan aji ɗaya ba zai kai ga darussan auna tattalin arziki da alƙaluma ba, kuma su ake nema a sashen bincike na Babban Banki, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da digiri na biyu a fannin. Ko kun tafi, kada ku yar da abin da kuka koya. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da bai fahimci abin da ke motsa canji ba, jarinsa ne ya narke a hannunsa.

Akwai wani tarko da jami'o'i ke barin yara su faɗa. Majalisar jami'a ta amince da sauyi, amma ba a gyara bayanan ɗalibi a wurin JAMB ba. Sai ya gama karatu, lokacin tafiya hidimar ƙasa ya zo, a tarar takardar shigarsa tana cewa wani fanni, sakamakonsa yana cewa wani. Wannan aikin ofishin magatakarda ne tun ranar da aka amince, bai kamata a bar wa yaro shi bayan shekara uku ba.

Shawarwarina biyar ne, kuma na daɗe a kansu. Ɗaya, a rubuta ƙa'idar sauya sashe a littafin jagorar ɗalibai, da mafi ƙarancin CGPA da ake buƙata. Ni a ganina 3.00 ya isa, tare da cin darussan lissafi ba tare da kari-oba ba. Biyu, kowane sashe ya sanar da yawan gurabensa kafin a buɗe fom, a ɗauka bisa jerin maki, a manna sunaye a allo. Uku, a cire wa sashen da ake bari ikon hana tafiya. A ji ra'ayinsa, amma hukunci ya zama na kwamitin tsangaya. Huɗu, a lissafa wa ɗalibi duk darasin da ya ci, ya cike ragowar a aji biyu. Biyar, kafin ya sa hannu ya zauna da malami ɗaya daga kowane sashe, su faɗa masa gaskiyar abin da ke gabansa. Ƙofar kuma ta buɗe ta kowane ɓangare, domin akwai ɗalibin kasuwancin da tattalin arziki ne ya dace da shi.

Ya ku 'yan majalisar jami'a da ke zaune a nan, wannan gyara ba ya buƙatar kasafin kuɗi, ba ya buƙatar izinin Abuja. Takarda ce guda da za ku amince da ita a zama ɗaya. Ina roƙon ku ku sa ta a jadawalin zamanku na gaba, kafin ɗaliban aji ɗaya na bana su karɓi sakamakonsu.