SHIRUN SHEKARA TAKWAS: DARASI DAGA RAYUWAR ARVO PÄRT



Kwamitin shirya wannan biki ya roƙe ni in yi magana a kan waƙa cikin sujada. Ni dai ba mawaƙi ba ne, waɗanda suke zama kusa da ni a majami'a su ne shaidu. Saboda haka zan ba ku labarin wani gwani wanda na saurari waƙoƙinsa, na kuma bi tarihinsa, na ga akwai abin da ikkilisiya mai shekara 50 za ta koya a wurinsa.

WANE NE SHI?

An haifi Arvo Pärt ran 11 ga Satumba, 1935, a garin Paide cikin Istoniya, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai iyaka da Rasha. Sana'arsa ita ce tsara kiɗa da waƙa a rubuce, irin wanda manyan ƙungiyoyin makaɗa da mawaƙa suke karantawa daga takarda. Yana yaro ƙasarsa ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, gwamnatin da akidarta ita ce babu Allah. Ya yi karatun kiɗa a Talin, babban birnin ƙasar, ya gama a 1963, ya kuma yi kusan shekara goma yana aikin ɗaukar sauti a gidan rediyo. Ayyukansa na farko na sabon salo ne, masu wuya da yawan ƙara, sun kuwa sa ya yi suna.

A 1968 ya fito da wata waƙa mai suna Credo, wato "na ba da gaskiya" da harshen Latin. Waƙar ta buɗe da shaidar bangaskiya ga Yesu Almasihu, sa'an nan ta ɗauko koyarwar Ubangiji a kan ramuwa cikin Matiyu 5:38-39. Ranar da aka fara rera ta a Talin, jama'a suka nace sai da aka maimaita. Hukuma kuwa ta husata, aka hana rera ta. Shi ma kansa ya ga salon da yake bi ya kai shi bango, ba gaba.

SHEKARUN SHIRU

Daga 1968 zuwa 1976 Pärt ya ja da baya. In ban da 'yan ayyuka kaɗan, da kiɗan fina-finai da yake yi don ciyar da iyali, ba a ji muryarsa ba. Me yake yi? Ya koma ga tsofaffin waƙoƙin ikkilisiya na ɗaruruwan shekaru, waɗanda ake rerawa da murya ɗaya ba tare da kayan kiɗa ba. Yakan karanta Zabura, ya rubuta layin murya guda, ya sāke, har ya cika littattafai da yawa. A cikin shekarun nan ne ya shiga Ikkilisiyar Otodoks. Mutumin da ya riga ya zama malami ya yarda ya koma ɗan aji ɗaya.

A 1976 ya fito da ɗan gajeren kiɗan fiyano mai suna Für Alina, wanda bai fi 'yan mintoci ba. Da shi ya fara salon da ya kira tintinnabuli, daga kalmar Latin mai nufin ƙananan ƙararrawa. Mawaƙanmu za su gane shi da sauƙi. Murya biyu ne suke tafiya tare. Ta farko tana hawa da sauka taki ɗaya-ɗaya. Ta biyu ba ta barin sauti uku, kamar do-mi-so ko la-do-mi, tana bin ta farko duk inda ta nufa. Pärt ya kwatanta ta farko da mutum cikin zunubinsa da wahalarsa, ta biyu kuwa da gafara wadda take riƙe da shi.

AMFANIN DA YA BIYO BAYA

Sai ƙofa ta buɗe. A 1977 kaɗai ya rubuta Fratres, wato 'yan'uwa, da Tabula Rasa, wato allo wanda aka wanke, da kiɗan tunawa da Benjamin Britten na Ingila. A 1978 ya rubuta Spiegel im Spiegel. Matsin hukuma bai ragu ba, don haka a 1980 ya bar ƙasar da matarsa da 'ya'yansu biyu zuwa Ostiriya, daga nan suka zauna a Berlin ta Jamus.

A baƙunci ya yi manyan ayyukansa na sujada: De profundis daga Zabura 130, Miserere daga Zabura 51, Magnificat daga waƙar Maryamu cikin Luka 1, da Passio a 1982, labarin shan wuyar Ubangiji daga Yahaya sura 18 da 19, mai tsawon fiye da awa ɗaya. A cikin Passio kalmomin Nassi ne suke mulki. Tsawon kalma da alamun tsayawa su ne suke nuna yadda murya za ta tafi da inda za a dakata.

Gwamnatin da ta hana waƙarsa ta rushe a 1991. Daga baya ya koma gida Istoniya, a 2018 aka buɗe ginin cibiyar adana ayyukansa a Laulasmaa. Daga 2011 zuwa 2018, bisa ƙididdigar masu bin wasannin irin wannan kiɗa, babu wani mai tsara kiɗa da ke raye wanda aka fi rera ayyukansa a duniya. A 2025 ya cika shekara 90.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan'uwa, ku duba Littafin Firistoci sura 25. Shekara ta hamsin ta busa ƙaho ce, amma kuma shekara ce da gona take hutawa, kowa kuma ya koma gādonsa. Manomi ya san gonar da ba a bari ta huta ba, amfaninta raguwa yake yi. Ina da abu uku.

Na ɗaya, ga mawaƙa. Iyayenmu da suka kafa wannan ikkilisiya suna da Littafin Waƙoƙi, da ganga, da tulu. Yau muna da gita, da lasifika, da janareto, mun gode wa Allah. Amma ina tambaya: tsohuwar da take zaune a bencin baya, tana jin kalmomin da kuke rerawa? In kiɗa ya danne magana, me za ta ɗauka zuwa gida? Ku bar kalma ta ja gaba, kiɗa ya bi ta.

Na biyu, ga matasa. Pärt ya sa sunan Almasihu cikin waƙarsa a ƙasar da yin haka yake jawo wa mutum asara. Waɗansunku suna makaranta ko wurin aiki inda shaida take da tsada. Kada ku ji kunya.

Na uku, ga mu shugabanni. Muna auna ci gaba da gini, da yawan taro, da baiko. Wanda ya dubi Pärt a 1972 zai ce ya ƙare, alhali kuwa a lokacin ne ake shirya shi. In akwai ɗan'uwa a cikinmu da ya yi shiru, mu ziyarce shi kafin mu yanke masa hukunci. Mu ma mu yarda mu koma ga Maganar Allah kamar masu fara koyo.

Allah wanda ya riƙe mu shekara 50 ya ba mu kunnen ji, ya tsarkake waƙarmu, ya kai 'ya'yanmu ga jubili mai zuwa. Amin.