Nazarin Kiɗa a Jami'a: Ilmi ne ko Roƙo?

Duk wanda ya fito ta Ƙofar Na'isa ya miƙi titin da ya nufi tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, zai tarar da ɗalibai masu karatun shari'a da likitanci da harsuna, amma da wuya ya gamu da wanda zai ce kiɗa ya zo koyo. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba dalilin haka, da kuma asarar da ke cikinsa.

Dalili na farko shi ne matsayin makaɗi a ƙasar Hausa. Kiɗa sana'a ce ta gado, ɗa yakan koya a gindin mahaifinsa, ko tambari ne ko kotso ko kalangu. Jama'a kuwa sun haɗa shi da roƙo, saboda haka uba ba ya so a ce ɗansa ya shekara huɗu a jami'a ya fito maroƙi. Na biyu, sashen kiɗa na farko a jami'o'in Nijeriya a Nsukka aka buɗe shi, cikin 1961, nesa da kiɗan fada da na noma da na dambe.

Amma ba a ce jami'o'in Arewa sun yi watsi da abin ɗungum ba, sai dai ta ƙofar adabi suka shigo da shi. Alal misali, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka cikin 1975 a kan Alhaji Mamman Shata, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Shata digirin girmamawa cikin 1988. Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyoyin nazarin waƙar baka. Sai dai galibin wannan aiki a kan baitoci yake, watau ma'ana da salo da jigo. Shi kansa amon ganga, da yadda kalangu ke bin karin sautin harshe har ya yi magana, bai sami masu nazari isassu ba.

To, ina wanda ya karanta kiɗa zai sami abinci? Akwai koyarwa a makarantu da kwalejojin ilmi. Akwai gidajen rediyo da talabijin, inda ake bukatar mai tace sauti da mai adana tsofaffin faya-fayai. Akwai badujalar soja da ta 'yan sanda. Daɗin daɗawa, tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, sana'ar finafinan Hausa take neman masu tsara kiɗa, yawancinsu kuwa da ka suka koya, a gaban fiyano da kwamfuta.

A cikin 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa hanya, daga baya aka sake gina ta. Ƙofa takan ginu in ta faɗi, domin akwai hotonta. Taken da ya tafi kabari tare da makaɗinsa kuwa, ba a ɗauka ba, ba a rubuta ba, babu maginin da zai tashe shi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Lalle ne hukumomin ilmi su buɗe wa wannan fanni ƙofa tun sauran dattawan suna raye, iyaye kuma su bambanta mai nazarin kiɗa da mai roƙo.