Farashin Kwanciyar Hankali a Zamanin Intanet



Tambayar da ke gabanmu yau ita ce: shin mutum zai yarda ya biya kuɗi domin a rage masa wahalar da dandalin sada zumunta ke jawo masa, wato ɓata lokaci, da ƙarancin barci, da rarrabuwar hankali?

Da farko, ya kamata mu san inda ribar waɗannan kamfanoni take. Ba su karɓar ko kwabo daga yawancin masu shiga. Abin da suke sayarwa shi ne hankalinmu, masu talla kuwa su ne masu saye. Saboda haka duk awar da muka ƙara a kan waya, riba ce gare su. Gaskiya ne a 2018 Google da Apple sun sa wa wayoyinsu ma'aunin lokaci kyauta, amma mai wayar yana iya kashe shi duk sa'ad da ya ga dama.

Na biyu, an riga an sa wa irin wannan hutu farashi. A Nuwamba 2023 kamfanin Meta ya ba mutanen Tarayyar Turai zaɓi: ko su biya Yuro 9.99 a wata a kan kwamfuta, ko su ci gaba da ganin tallan da aka tsara da bayanansu. Bayan shekara ɗaya ya rage kuɗin zuwa Yuro 5.99. A Afrilu 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 200, don ta ga zaɓin bai cika sharuɗɗan doka ba.

Na uku, ga abin mamaki. A wani bincike na 2023, Leonardo Bursztyn na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa sun tambayi ɗalibai a Amurka. Sai an biya ɗalibi kimanin dala 59 kafin ya bar TikTok na mako huɗu shi kaɗai. Amma in kowa zai bari tare da shi, shi ne zai biya kimanin dala 28. Ashe ba daɗin dandalin kaɗai ke riƙe shi ba, har da tsoron a bar shi a baya.

Darasin a fili yake. Abin da mutum zai biya shi kaɗai ba ya nuna iyakar bukatarsa, domin cutar ta jama'a ce, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In aka bar kwanciyar hankali a kasuwa, mai hali zai saya, talakan da kuɗin data ya riga ya yi wa nauyi kuwa zai rasa.

Don haka, ku ma'aikata masu tsara dokoki, ku nemi a gina kariyar cikin dandalin tun asali, ga kowa, ba tare da biya ba. Ku ɗalibai kuma, ku haɗa kai ku tsai da lokacin ajiye waya tare.

Allah ya sa mu dace.