Kangon Packard a Idon Kyamara: Wa Ya Kashe Ginin?



Takardata ta tsaya ne a kan fim ɗin tarihi mai suna Packard: The Last Shift, wanda Brian Kaufman ya shirya wa jaridar Detroit Free Press, aka fara haska shi a 2014. Fim ɗin yana bin rayuwar masana'antar motocin Packard da aka gina a titin East Grand Boulevard a birnin Detroit na Amurka, tun daga tasowarta har zamanta kango. Hujjar da nake son kafawa ita ce: rufewar kamfanin daban, mutuwar ginin daban, kuma tsakaninsu akwai kusan shekara arba'in da hotunan kango ba sa nunawa.

An fara ginin a 1903, bisa zanen Albert Kahn, ya yi ta faɗaɗa har ya mamaye fili kimanin eka 40. A nan ne Kahn ya gwada zuba kankare mai rodi a ciki, maimakon katako da bulo da aka saba gina masana'antu da su. Hakan ya ba da damar manyan tagogi da falo mai faɗi, ya kuma rage haɗarin gobara. Packard motar masu hannu da shuni ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antar ta koma ƙera injinan jiragen yaƙi samfurin Merlin da injinan ƙananan jiragen ruwa na soja, ma'aikatanta suka haura 30,000. Bayan yaƙi sai General Motors da Ford da Chrysler suka cinye kasuwa da yawan abin da suke fitarwa da kuma araha. Packard ta haɗe da kamfanin motoci na Studebaker a 1954, haɗakar ba ta yi albarka ba, aka daina ƙera mota a Detroit a 1956, sunan kansa ya ɓace a 1958.

Daga nan ne mafi yawan masu ba da labarin suke tsalle su dira kan kango. Amma ginin bai zauna haka nan ba. Ƙananan kamfanoni da masu ajiyar kaya da shaguna sun kama haya a cikinsa shekara da shekaru. A shekarun 1990 matasa masu kiɗan tekno sun riƙa yin bikin dare a ɗakunan da ba kowa. Gini ne da ya tsufa, amma da mutane a ciki, da mai gadi a ƙofa, da wanda zai toshe rufi in ya fara yoyo.

Ajalinsa ya zo ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da hukumar birnin ta nemi ƙwace wurin saboda bashin haraji. Aka sallami yawancin 'yan haya, aka shiga shari'ar mallaka wadda ta ci shekaru. Kafin a gane mai wuri, 'yan gwangwan sun shiga da na'urar yankan ƙarfe. Suka fara da wayoyin tagulla da bututu da firam ɗin taga, daga baya suka kai ga ƙarafan da ke riƙe da ginin kansa. Gobara ta zama ruwan dare. Ɗan haya na ƙarshe mai ƙarfi, kamfanin Chemical Processing, ya tashi a 2010. Kankaren Kahn da ya jure nauyin injina rabin ƙarni bai iya jure rashin mai kula na shekara goma ba.

A nan nake da magana da masu kyamara. Kango yana da kyau a hoto, musamman in rana ta ratsa fasassun tagogi ko itace ya tsiro a kan rufi, shi ya sa masu ɗaukar hoto daga ƙasashe daban-daban suka yi ta tururuwa zuwa Packard. Mutanen Detroit da yawa sun ji zafin wannan, kuma ina tare da su. A lokacin, a gefen katangar akwai gidaje, akwai iyaye da 'ya'yansu ke wucewa ta ƙarƙashin bangon da ke zubowa. Hoton da ya cire su ya mai da sakaci kamar ƙaddara. Kuma bango ba ya ba da labarin Yunin 1943, lokacin da Turawa ma'aikata kusan 25,000 suka shiga yajin aiki don an ƙara wa baƙaƙen fata uku matsayi su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da su. Wannan wariyar na cikin abin da ya kwashe jama'a da dukiya daga birnin, wanda ke da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950, ya dawo ƙasa da 640,000 a 2020. Darajar fim ɗin Kaufman a wurina ita ce aikin 'yan jarida ne na gida, masu tambayar wa ke da wurin, wa ya ci bashi, wa ya yi alkawari.

An yi fim ɗin a daidai lokacin da ake cike da fata. A Disamban 2013, watanni kaɗan bayan birnin ya bayyana karayar arzikinsa a kotu, Fernando Palazuelo, ɗan Sifen mazaunin Peru, ya sayi wurin a gwanjon haraji kan dala 405,000, da alkawarin farfaɗo da shi. Wanda ya kalli fim ɗin yau ya san abin da masu shirya shi ba su sani ba. Gadar da ta haɗa ɓangarorin masana'antar ta rufta kan titi a Janairun 2019. A 2022 kotu ta ba da umarnin rusau, mai wurin bai aiwatar ba, hukumar birnin ta shiga da motocin rusau da kuɗin jama'a. Mazauna unguwar da suka yi shekaru suna shaƙar hayaƙin gobarar kangon suna cikin waɗanda aka kwashe ɓaraguzansa da dukiyarsu.