Abokin Ɗanka Ɗanka Ne

Ga wata 'yar magana da na ke so mu yi da kai, a kan abin da ya ke faruwa kusa da ƙofar gidanka, watakila ba ka lura ba.

A ce kai manomi ne a ƙasar Kura ko ta Bunkure, kana da ɗa a makarantar firamare. Kullum da safe ya kan sha koko, uwarsa ta ƙulla masa ɗumame, ko kuwa ka ba shi kuɗin tara. Amma kwanan nan in ya komo gida sai ya faɗa wa akushi kamar wanda bai karya ba. Ka tambaye shi, ya yi ta noƙewa, daga bisani ya ce, "Baba, abokina na ke ba rabi. Shi ba ya zuwa da kome. In an fita tara sai ya sha ruwa, ya zauna gindin darbejiya har a koma aji."

To, me za ka yi? Wani zai yi wa ɗansa faɗa. Wani zai ce babu ruwansa. Wani kuwa zai saɓa buhun shinkafa da rana tsaka, ya nufi gidan su yaron, duk unguwa tana kallo. Duk su ukun nan sun kuskure hanya.

Watakila ka ce, yaya za a yi yunwa a ƙasar da ruwa ba ya yankewa? Gaskiya ne, ƙasar nan ta sami abin da kakanninmu ba su gani ba. Su sun sha babbar yunwa ta shekarar 1914, iyayenmu kuma sun ga farin 1973. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar cikin 1974, aka jawo ruwan ta manyan magudanai har Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun daga sa'an nan rani ya zama kamar damina: ga shinkafa, ga alkama, ga masara, ga albasa, ga tumatir ana lodinsa a Kwanar Gafan zuwa Kudu.

Amma ruwan da ya ke wucewa ta bayan gidan mutum ba ya shiga tukunyarsa sai in yana da gona, da iri, da taki. Akwai wanda ba shi da ko taƙi ɗaya, ɗan ƙwadago ne, ranar da babu aiki babu cefane. Akwai wanda rashin kuɗin taki ya sa ya ba da gonarsa haya ko jingina. Akwai wanda ya sayar da amfaninsa da kaka, sa'ad da ya ke da araha, don ya biya bashi, sa'an nan ya komo yana awo da tsada cikin Yuli da Agusta. Tumatir kuwa ba ya zama a rumbu. Ka tuna 2016, da tsutsa ta cinye gonakin tumatir, har masu hali suka tashi a tutar babu. Saboda haka in ka ga gidan da wuta ba ta tashi, kada ka yi saurin cewa lalaci ne.

Mai irin wannan hali ba zai zo ya gaya maka ba. Ya gwammace ya kwana da yunwa da asirinsa ya tonu. Ɗansa ma haka aka hore shi. To, ga abin da na ke so ka riƙe: ka ciyar da yaron, ka kuma rufa wa ubansa asiri. In ka yi ɗaya ka bar ɗaya, alherinka bai cika ba. In uban ya ji kunya, sai ya hana ɗansa zuwa gidanka, yaron ya rasa abincin, ɗanka kuma ya rasa aboki.

Da fari, ka duba da idonka, gama labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro mai jin yunwa ya kan yi gyangyaɗi a aji, ya kan janye jiki daga wasa, ya kan yi fashin makaranta. In ya sami abinci ya kan ci da sauri, ko ya ɓoye saura don ƙannensa. Kada ka tsare shi da tambaya, kana cewa, "Me kuka ci jiya a gidanku?" Ba zai gaya maka gaskiya ba, kuma ba zai sāke zuwa ba.

Na biyu, ka fara da abin da ba ya bukatar magana. Ka ce wa maiɗakinka ta riƙa ƙulla na mutum biyu. Ka ce wa ɗanka su riƙa biyowa ta gida tare in an tashi. In sun zo, kada a zuba wa baƙon nasa dabam, a sa musu kwano ɗaya, ka ce, "'Ya'yana, ku wanke hannu ku ci." Ba sai da nama ba. Wake da shinkafa, ko ɗanwake, ko kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, ko fura da nono, duk suna gina jiki, sun fi rogo ko gari tsura. Ka kuma ja kunnen ɗanka kada ya ba kowa labari, kada kuma ya yi wa abokinsa gori ran da suka yi faɗa.

Na uku, ka tuna da ciyayya, al'adarmu ta tun kaka da kakanni. Maƙwabta su kan aika wa juna tuwo da dare, ba wanda ya ke ganin abin kunya ne. Maiɗakinka ta fara aikawa. In kwanon ya dawo da 'yar kuka ko daddawa a ciki, ku karɓa da godiya, kada ku ce a bar shi. Wannan 'yar kukar ita ce mutuncinsu. In kuwa uwar yaron ce kaɗai ta ke riƙe da gidan, to, wannan hanya ta mata ita ce daidai.

Na huɗu, ka je wurin uban, gama zumunta a ƙafa ta ke. Kada ka ta da maganar yunwa. Ka ce, "Malam, ina da dashen shinkafa ran Asabar, hannuna bai isa ba. Ko za ka taimake ni?" Ka biya shi ladansa cikakke a ranar. In yana da gona, ka ranta masa iri ko taki zuwa kaka, ba da ƙari ba. Amma kada ka mai da yaron ɗan aikinka. Wurinsa aji ne, ba bakin kwami ba.

Na biyar, ka sani ba kowace rama ce ta yunwa ba. Ruwan da ya kawo mana shinkafa ya kawo sauro da zazzaɓinsa. Akwai kuma tsargiya, wadda yara su ke ɗauka wajen wanka a magudanai, alamarta jini a fitsari. Ita da tsutsar ciki su kan rage wa yaro jini, ya yi ta ci ba ya ƙiba. Duk suna da magani a asibiti. Ka gaya wa malamin ajinsu a keɓe, shi ya san yadda zai shawarci iyayen.

Kada ka ce ai gwamnati ta ciyar da su. I, cikin 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba 'yan aji 1 zuwa 3 abinci sau ɗaya a ranar makaranta, amma a Janairun 2024 aka dakatar da shi. Ko sa'ad da a ke yinsa, ba ya kai wa ga hutu, ba ya kai wa ga dare. Maƙwabci shi ne wanda ba ya tafiya hutu.

In abin ya fi ƙarfinka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku yi shawara da mai unguwa da liman da ƙungiyar iyaye da malamai. Manoma 40, in kowa ya ba da tiya guda ran sussuka, buhu guda ke nan, ba wanda ya ji a jikinsa. In za ka fid da zakkar shinkafa ko ta alkama, ka tambayi malaminka ko irin wannan gida ya cancanta, ka fara da na kusa. A kai da dare, ba a kira sunan kowa ba.

Ya kai mai karatu, kai da ka koyi karatu da girmanka, ka san wuyarsa ko da cikinka a cike. To, ina ga yaro ɗan shekara takwas da bai karya ba? Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ɗanka ya riga ya raba nasa biyu, ba wanda ya sa shi. Gobe da safe, kafin ya fita, ka ce a ƙara ludayi guda.

Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, amin.